Likita Ya Amsa: Maganin da Jini Ya Riƙe

Tambaya: Likita, me ya sa ake yin allurar ceftriaxone sau ɗaya a rana, amoxicillin kuwa sau uku ake sha?

Amsa: Malam, a cikin jini akwai wani babban furotin, albumin, da magani ke maƙale wa. Wanda ya maƙale ba ya taɓa ƙwayar cuta, sai wanda ke yawo a sake. Kusan kashi 90 cikin 100 na ceftriaxone a maƙale yake, yana sakuwa kaɗan-kaɗan, shi ya sa yake daɗewa a jiki. Na amoxicillin kashi 20 ne kawai, ƙoda kan fitar da shi da wuri. Ka bi yadda aka rubuta maka.

Tambaya: Maruruna ya ƙi warkewa duk da maganin da na sha. In ƙara?

Amsa: A'a. Mugunya na riƙe wasu magunguna, irin su gentamicin, ta kashe musu ƙarfi. Sai an tsaga an fitar da ita, a asibiti, ba da reza ba.

Tambaya: Jaririna kwanansa huɗu, idonsa ya yi rawaya. An ce in ba shi Septrin. Cokali nawa?

Amsa: Ko ɗigo ɗaya, Malama, don Allah. Wannan tambayar ce ta tayar min da hankali, kuma na gaji da ganin yadda ake ɗura wa jarirai wannan magani.

Shawarar jariri, wato rawayar idon nan, yawanci ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Wani sinadari ne, bilirubin, ke taruwa saboda hantarsa ba ta yi ƙwari ba. Albumin ɗin da na ambata shi ke riƙe bilirubin, ya hana shi kaiwa ƙwaƙwalwa. To Septrin da danginsa gurbin bilirubin a jikin albumin suke nema. Da sun shiga sai su ture bilirubin, shi kuma ya wuce ƙwaƙwalwa. Abin da kan biyo baya: kurumta, sanƙarewar jiki, wani lokacin rasa rai, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Tun 1956 likitoci a Amurka suka ga haka ga jarirai bakwaini da aka ba maganin wannan dangi. Ceftriaxone ma haka yake yi, shi ya sa muke kauce masa ga jariri mai shawara.

Ki kai shi asibiti yau, a auna jininsa. Sau da yawa sa shi ƙarƙashin shuɗin haske na musamman ya isa. In ya ƙi kama nono, ko barcinsa ya yi yawa, ko yana bankarewa, kada ki jira gari ya waye.