Ka bar nahawu zuwa ƙarshen darasi

Malam, ka ce ɗalibanka na ajin yamma, magidanta da 'yan kasuwa, sun haddace dokokin nahawun Turanci, amma da an yi musu magana sai baki ya mutu.

A ganina laifin yana ga tsarin darasin. Mutumin da ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya zo aji bayan la'asar, so yake ya iya ciniki da baƙon da ba ya jin Hausa, ko ya faɗa wa likita abin da ke damunsa. To ka fara daga nan. Ka haɗa su bibbiyu, ɗaya mai atamfa, ɗaya mai saye. Mai atamfa ya riƙe takardar farashi, mai saye ya riƙe takardar kuɗin da ke aljihunsa, kada ɗaya ya ga ta ɗan'uwansa. Dole su tambayi juna da Turanci har a sallama. Tun shekarun 1970 malaman harsuna a Turai suka koma wannan hanya.

Inda nake roƙonka ka yi hattara shi ne wajen gyara. Dattijo mai iyali, in ka katse shi a gaban sa'o'in 'ya'yansa, ba zai ƙara buɗe baki ba, wataƙila ma ba zai dawo ba. Ka riƙa rubuta kurakuran a takarda, har da rikita p da f da muke yawan yi, sai minti goma na ƙarshe ka ɗora su a allo ba tare da ambaton suna ba, ku gyara tare.