Tambaya da Amsa: Idan Sitiyari Ya Kama Rawa a Hannun Direba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne a Aboabo cikin Kumasi, kuma ina da ƙaramar mota Toyota Corolla wadda na saya ta hannu. A cikin gari ba ni da wani kuka da ita, amma duk ranar da na kama hanyar Akra, da zarar na wuce Ejisu na ɗan taka totur allura ta haura 80, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna har agogona yana kaɗawa, idan na sassauta kuma ya lafa. Bayan haka, idan na ɗan saki hannu sai in ji motar tana ja zuwa dama. Wani abokina ya ce haka kowace tsohuwar mota take, wani kuma ya ce in ƙara mata wuta rawar za ta wuce. Wanne ne gaskiya?
Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ka ajiye shawarwarin biyu a gefe, musamman ta biyun, domin ita ce take iya kai mutum gadon asibiti. Mota mai lafiya, ko da ta shekara 20 a kan titi, idan tana gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, abin da direba zai ji shi ne sitiyari a natse cikin tafin hannunsa, yana komawa tsakiya da kansa bayan an fito daga kwana, motar kuma tana bin layinta ba sai an riƙa gyara mata hanya a kai a kai ba. Duk rawar da ta zo a wani gudu na musamman ta kuma tafi idan an rage, akwai wani abu takamaimai da ya haddasa ta, kuma ana iya gano shi.

Direba yana jin motarsa ta wurare uku: hannunsa da ke kan sitiyari, da jikinsa da ke kan kujera, da ƙafarsa da ke kan birki. Inda rawar ta fito shi yake nuna inda za a fara dubawa. Wadda ta fito a sitiyari yawanci daga ƙafafun gaba take, wadda kuma ta taso daga kujera ko daɓen motar ta fi yawa daga ƙafafun baya. Idan sai an taka birki take zuwa, to faifan birki ne ya cinye ba daidai ba, wani gefensa ya fi wani kauri. Idan kuma motar tana tsaye inji yana aiki amma jikinta yana karkarwa, babu ruwan taya, sai a duba fulogi da robobin da injin yake zaune a kansu. Rawar motarka ta fito a hannu, a gudu mai yawa, ba tare da ka taɓa birki ba, saboda haka mafi ƙarfin zato shi ne nauyin ɗaya daga cikin tayoyin gaba bai daidaita ba, wato abin da masu gyara suke kira balansin.

Yana da kyau ka san abin da yake faruwa a ƙarƙashinka a wannan lokacin. Tayar mota irin taka tana cin kusan mita 2 a kowane juyi ɗaya. A gudun kilomita 90 cikin awa, motar tana shafe mita 25 a kowace daƙiƙa, wato tayar tana juyawa sau 12 zuwa 13 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan wani gefe na tayar ya fi sauran nauyi da giram 30 kacal, wannan ɗan nauyin yana fizgar ƙafar motar sama da ƙasa a kowane juyi, kuma ƙarfin fizgar yana ninkuwa sau 4 idan gudu ya ninka sau 2. Duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin fankar sama mai lanƙwasasshen fiffike ya san wannan: a lamba ta ɗaya shiru take, a ta biyar kuwa sai ta kama lilo kamar za ta tsinko. Shi ya sa a cunkoson Kejetia ko Asafo ba ka jin komai, sai hanya ta buɗe.

Abokinka da ya ce ka ƙara wuta ya lura da wani abu na gaskiya, amma ya yi masa mummunar fahimta. Ƙafar mota, da sifirin da shokazoba da ke riƙe da ita, tana da wani saurin bugu da ta fi amsawa, kuma a yawancin ƙananan motoci wannan yana faɗowa ne tsakanin gudun 80 da 110. Idan an wuce nan rawar takan ragu a hannu, alhali ƙarfin da ke dukan boris (ƙarfen da wili yake juyawa a kansa) da boljoyin (gaɓar da ƙafar mota take lanƙwasawa a kanta) da tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) ƙaruwa ya yi. Ga shi kuma dokar hanya da Gana ta kafa a shekarar 2012, mai lamba L.I. 2180, ta tsayar da iyakar gudu a kan kilomita 90 a manyan hanyoyi irin ta Kumasi zuwa Akra, 50 a cikin gari, 100 kuma a kan motowe, wato babbar hanyar da ke tsakanin Akra da Tema. Wanda ya bi shawarar abokinka ya karya doka, ya kuma ƙara wa ƙafar da ba ta da lafiya wahala a daidai lokacin da tirela take tahowa ta ɗaya hannun.

Abubuwan da suke ɓata daidaiton taya a hanyoyinmu sanannu ne. Faɗawa rami da gudu ko hawa tudun rage gudu ba tare da sassautawa ba yana lanƙwasa bakin wili, ko ya cire ɗan ƙarfen nan da ake maƙalawa a gefensa domin daidaita nauyi. A lokacin damina, jar lakar hanyoyin unguwa takan bushe a cikin wili ta zama dunƙule, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa sitiyari rawa har sai an wanke ta. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsohuwar tayar da aka shigo da ita daga ƙasashen waje, wadda zanenta yake da kyau a ido amma wayoyin cikinta sun fara rabuwa da roba. Irin wannan tana yin ƙulu a gefe ko a kan zanen, kuma alamarta ita ce ko a gudun 20 za ka ji motar tana ɗan rangaji kamar mai ɗingishi. Babu injin balansin da zai gyara ta, kuma ranar da zafin kwalta ya haɗu da lodi tana iya fashewa. Ka duƙa ka karanta gefen kowace taya: a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 yake nufin mako na 23 na shekarar 2019. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a riƙa duba ta kowace shekara idan ta kai 5, a kuma sauke ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai cinye ba.

Idan ka shiga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda babu abin da ya shafi mota da ba a gyarawa, ka bi abin daki-daki, ka fara da mai araha, kada a fara kwance maka ƙafar mota gaba ɗaya a kan zato. A fara auna iskar tayoyin huɗu da geji tun suna da sanyi, a daidaita ta da adadin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, domin buga taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne. A duba notocin wili ko sun yi sako-sako. Sannan a ɗora tayoyin gaba a kan injin balansin, kai kuma ka tsaya ka kalli wilin yana juyawa, domin idan ya lanƙwashe idonka zai gani. Kafin a sauke jak, ka sa makaniken ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sannan ya kama ta hagu da dama ya sake girgizawa. Motsi a na farko yana nuna boris ko boljoyin, a na biyu kuma tayarod, kuma idan aka sami ɗaya daga cikinsu, kada motar ta sake ganin hanyar Akra sai an canza shi.

Game da jan da take yi zuwa dama, kaɗan daga ciki halin titi ne. Ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwan sama ya gangara gefe, kuma tun da Gana ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 4 ga Agustan 1974, gangaren yana kai mota dama ne a hankali. Amma idan cikin daƙiƙa biyu ko uku ta bar layinta, ko kuma dole sai ka riƙe sitiyari a karkace kafin ta miƙe, to a duba ko tayar dama ta fi ta hagu ƙarancin iska, ko birkin wannan ɓangaren yana kamawa, wanda za ka gane idan wilin ya fi ɗan'uwansa zafi bayan tafiya. Idan duka biyun lafiya suke, sai a yi alaimen, wato a daidaita tsayuwar tayoyi domin su fuskanci hanya daidai. Tayar da gefe ɗaya na zanenta ya cinye ya bar ɗayan shaida ce cewa an daɗe ana buƙatarsa.

TAMBAYA: Malam, ban daɗe da karɓar lasisi ba. Idan na taso daga Tema a kan motowe na shigo gari, sai in ji kamar motar ba ta tafiya, alhali allura tana kan 70. Kuma abin mamaki, idan ni nake tuƙi ba na jin jiri, amma idan na zauna a bayan turoturo, wato ƙaramar bas ta haya, sai zuciyata ta riƙa tashi. Ko wata lalura ce?
Daga wata mai karatu a Nima, Akra

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, babu lalura a nan, haka Allah Ya halicci jikin ɗan Adam. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gaɓoɓi masu ruwa waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa motsin jiki, sai dai abin da suke ji shi ne sauyin gudu, wato tashi da tsayawa da shan kwana. Idan mota ta daidaita a kan gudu ɗaya, ko 40 ne ko 100, ba su da abin da za su faɗa, sai ido da ƙarar iska su ci gaba da kimantawa, su kuma suna saurin sabawa. Bayan kilomita 19 na motowe idonki ya riga ya ɗauki 100 a matsayin tafiyar yau da kullum, shi ya sa 70 take zama miki kamar rarrafe. Wannan ruɗin yana da haɗari ƙwarai a unguwa irin Nima ko Mamobi, inda yara da masu talla da babura suke ratsa titi ta ko'ina, domin tazarar da mota take ci bayan an taka birki a gudun 70 ta kusa ninka ta gudun 50 sau biyu. A duk lokacin da kika sauko daga babbar hanya, ki gaskata allura, ki ƙaryata abin da jikinki yake gaya miki, har sai idon ya sake sabawa.

Tashin zuciyar kuwa yana zuwa ne idan ido da kunne suka saɓa wa juna. A bayan turoturo idonki yana kan bayan kujera ko kan waya, yana cewa a zaune kike, kunne kuma yana jin kowace kwana da kowane birki. Direba yana kallon hanya kuma ya san abin da motar za ta yi kafin ta yi shi, saboda haka jikinsa a shirye yake. Ki nemi kujerar gaba ko ta kusa da taga, ki ajiye wayar, ki miƙa idonki can nesa a kan hanya.

TAMBAYA: Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ina tafe wajen Konongo, sai na ji sitiyari ya yi sakayau kamar ba a haɗe yake da komai ba. Da na taka birki kuma sai ya riƙa bugun tafin ƙafata yana gurnani. Birkin ne ya lalace?
Daga wani direba a Asawase, Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da ka fita lafiya, domin a waɗannan daƙiƙun tayoyinka na gaba sun rabu da kwalta suna tafiya a kan ruwa. Aikin zanen taya shi ne kore ruwa daga ƙarƙashinta, kuma idan ruwan ya yi yawa, ko gudu ya yi yawa, ko zanen ya cinye, sai ruwan ya ɗaga ta, sitiyari ya rasa abin da zai kama. Idan haka ta sake faruwa, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe ba tare da fizga ba, har ka ji nauyinsa ya dawo hannunka. Bugun da ka ji a ƙafa kuwa aikin na'urar ABS ne, wadda take kama birki tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya domin kada tayoyi su kulle motar ta zame. Direbobi da dama sukan tsorata su ɗage ƙafa idan sun ji shi, alhali abin da ake so shi ne a ci gaba da dannawa da ƙarfi ana kuma sarrafa sitiyari. Idan bugun yana zuwa a busasshiyar hanya da ɗan taka birki kaɗan, wannan kam sai a kai wa makanike ya duba faifan. Ka kuma leƙa cikin ramukan zanen tayarka, za ka ga wasu 'yan tudu da aka sa a tsayin milimita 1.6, idan zanen ya sauko ya yi daidai da su, tayar ta gama aikinta, kuma mai bin hanyar Konongo da damina bai kamata ya jira ta kai can ba.