Zauren Malama: Sunayen Nahawun Turanci da Ke Kayar da 'Yan Ajin Ƙarshe

Assalamu alaikum. Jarrabawar WAEC ta ƙarato, ta NECO na biye da ita, shi ya sa wasiƙun wannan watan kusan duka a kan Turanci suke. Na zaɓo waɗanda na san amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

TAMBAYA: Malama, sannu da ƙoƙari. A sashen auna fahimta akan ciro wani yanki daga cikin labarin a ce, "What grammatical name is given to this expression?" sannan a ƙara da, "What is its function?" Tun ina ƙaramar sakandare na haddace ma'anar noun da verb da adjective, amma ko a gwajin makaranta ban taɓa cin wannan tambaya ba. Ina nake kuskure?
Ɗaliba daga Funtuwa

AMSA: 'Yata, hadda ce ba ta isa a nan. Mai tambayar bai damu da ma'anar noun ba. So yake ya gani ko kin gane ƙirar yankin da ya ciro, da aikin da yankin yake yi a cikin jimlarsa. Don haka abu na farko, ki koma cikin labarin ki nemo jimlar, ki karanta ta daga babban baƙi har zuwa aya. Ɗalibaina da yawa daga kan tambayar suke amsawa ba tare da sun koma ba, kuma a nan ake zubar da makin.

Daga nan ki tambayi kanki: phrase ne ko clause? A ajin Hausa an koya miki su da sunan yankin jimla da ganga. Clause tana da mai aikatawa, tana kuma da aikatau mai nuna lokaci, wanda ake kira finite verb. Phrase ba shi da wannan. "After the rain" phrase ne. "After the rain had stopped" clause ce, domin ga "the rain", ga kuma "had stopped". Ki kula da tarko guda biyu. Kalmar da ta ƙare da "ing", in dai babu irin su "is" ko "was" a tare da ita, ba finite verb ba ce. Haka ma aikatau mai "to" a gabansa. Saboda haka "walking to the market" da "to pass the examination" duk phrase ne. Tsawon yanki ba shi ke mayar da shi clause ba.

Sai aikinsa, wanda daga shi ne sunan yake fitowa. Ki cire yankin gaba ɗaya ki sa "it" ko "something" a gurbinsa. In jimlar ta zauna daidai, aikin suna yake yi. Ga misali: "What the principal said surprised us." Sa "it", sai ta zama "It surprised us." To, noun clause ke nan. In kuwa yankin yana bin bayan wani suna yana fayyace wanne ake nufi, aikin sifa yake yi, wato adjectival. "The girl who won the prize is my sister." Da Hausa, yarinyar da ta ci kyautar. Duk inda za ki iya sa wanda, wadda ko waɗanda, ki fara zargin adjectival clause, wadda wasu littattafai ke kira relative clause. In kuma yana amsa yaushe, ina, ta yaya, don me, ko bisa wane sharaɗi, adverbial ne, abin da muke kira bayanau.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki natsu. Kada kalmar farko ta yanke miki hukunci. An saba gaya wa yara cewa da zarar sun ga "when", adverbial clause of time ce. Ba kullum ba. Dubi waɗannan ukun:

"When he came, we stood up." Adverbial clause, tana bayani a kan "stood up".
"I know when he came." Noun clause, ita ce abin da na sani, wato object na "know".
"I remember the day when he came." Adjectival clause, tana fayyace "day".

Kalmomi uku ne ba su canza ba, amma suna uku suka samu. Kamar mutum ɗaya ne da ake kira malam a makaranta, liman a masallaci, baba a gida: wurin da yake da aikin da yake yi su ke ba shi suna.

Wajen rubuta aikin kuma, ki cika amsarki. "Subject" kawai bai wadatar ba, ki rubuta, "It is the subject of the verb surprised." Ga adjectival a ce, "It qualifies the noun girl." Ga adverbial a ce, "It modifies the verb stood up." Ki ambaci ainihin kalmar da ke cikin jimlar. Daga yau zuwa ranar jarrabawa, kullum ki ɗauki jimla uku daga jaridar Turanci irin su Daily Trust, ki ja layi a ƙarƙashin wani yanki, ki yi masa waɗannan tambayoyin. Wata guda ya isa ki ga canji.

TAMBAYA: Malama, yarona yana jin Turanci, yana magana da shi har ina alfahari. Amma sau biyu ke nan yana samun D7, ga shi jami'a ba ta ɗauka sai da C6 ko sama. Ya ce mini ana rage masa maki a "mechanical accuracy". Mene ne wannan, kuma me zan iya yi masa ni da ban yi nisa a boko ba?
Wani uba daga Gusau

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka bi diddigin abin har ka san sunansa. A takarda ta biyu ta Turancin WAEC, insha'i yana da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ana son insha'in ya kai wajen kalmomi 450, kuma makinsa kashi huɗu ne. Content, maki 10: ya amsa abin da aka tambaya, da hujjoji masu ma'ana? Organisation, maki 10: tsarin sakin layi da siffar rubutun. Expression, maki 20: dacewar kalmomi da ginin jimla. Sai mechanical accuracy, maki 10, wato nahawu da rubuta kalma daidai da alamomin rubutu. A wannan na ƙarshen, kowane kuskure rabin maki ne. Kuskure ashirin, goma ta tafi. Yaro mai zuba Turanci a baki yana iya yin ashirin ɗin kafin ya gama shafin farko, domin a magana babu mai ganin waƙafi ko babban baƙi.

Yawancin kurakuran yaranmu kuma ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne, Hausa ce ke biyo su cikin alƙalami. Mu muna cewa "Audu ya tafi", suna da wakilinsa a jere, sai yaro ya rubuta "Audu he went". A Hausa lokaci yana jikin irin su ya da zai, aikatau ɗin kuwa yana nan yadda yake. A Turanci aikatau ne da kansa yake sauyawa: go, went, gone. Wannan shi ake kira tense, kuma shi ya sa yaro kan fara labari da "went" ya ƙare da "go". Akwai concord, wato jituwar mai aikatawa da aikatau: "The list of names is long", ba "are" ba, domin "list" ake magana a kai. Akwai sunayen da ba sa ɗaukar jam'i, uncountable nouns, irin su information, advice, furniture, equipment, luggage. Kowace "s" da aka liƙa musu rabin maki ce.

Akwai kuma fassara kai tsaye, wadda ke cin makin expression. Sha magani ya zama "drink medicine" maimakon "take medicine". Na ji wari ya zama "I hear smell". Ara mini ya zama "borrow me" maimakon "lend me".

Abin da za ka yi masa ba ya bukatar Turancinka. Ka sa shi ya riƙa rubuta insha'i ɗaya kowane mako daga tsofaffin tambayoyin jarrabawa, cikin minti 50. Ka samu malami ya zagaye kowane kuskure da jan biro ba tare da ya gyara ba, yaron ya gyara da kansa. Kai kuma ka ƙirga jan da'irar. In wannan makon talatin ne, mako mai zuwa ya zama ashirin da biyar, ana ci gaba. Ka kuma tabbatar ya saba barin minti biyar na ƙarshe don sake karanta abin da ya rubuta.

TAMBAYA: Malama, a ina formal letter ta bambanta da informal? Malaminmu ya ce gaisuwata ce ke jawo mini asara.
Ɗalibi daga Zangon Kumasi

AMSA: Ɗana, malaminka ya yi gaskiya, kuma hukumar WAEC da ke shirya muku jarrabawa a Gana ita ce ke shirya mana a Najeriya, tun kafa ta a 1952, don haka amsar ɗaya ce. Tarbiyyarmu ta ce kada ka shiga magana sai ka tambayi lafiyar mutum da iyalinsa, shi ya sa wasiƙar Hausa ke farawa da "bayan gaisuwa mai yawa". Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ka riƙe ta, amma wurinta informal letter, wasiƙa zuwa ga iyaye, 'yan'uwa ko aboki. A can adireshi ɗaya ne, naka, kana iya rubuta "I'm" da "don't", ka rufe da "Yours sincerely" da sunanka na farko kawai.

Formal letter kuwa ga mai riƙe da muƙami ake aika ta: shugaban makaranta, editan jarida, shugaban ƙaramar hukuma. Adireshi biyu, naka da nasa. "Dear Sir" ko "Dear Madam", sai kan magana, sai ka shiga batun a jimlar farko. Ba a tambayar lafiya, ba a gajarta kalmomi. A ƙarshe "Yours faithfully" da babban Y da ƙaramin f, babu alamar mallaka a jikin "Yours", sai sa hannu, sai cikakken suna a ƙarƙashi. Kafin ka fara rubutu, ka duba wa aka ce ka rubuta wa. Daga nan ake gane wacce ake nema.

TAMBAYA: A summary akan ce, "In three sentences, one for each, state…" Ina samo amsoshin daidai amma makina ba ya wuce rabi.
Ɗaliba daga Azare

AMSA: 'Yata, ina kyautata zaton ɗaya daga cikin abu uku ne. Na farko, kina rubuta guntun magana maimakon jimla. In an tambayi dalilin da ke sa matasa barin ƙauye, "Unemployment" ba jimla ba ce. Ki rubuta, "Young people leave the villages because there are no jobs." Na biyu, kwafar jimlar marubucin yadda take, abin da masu duba takarda ke kira mindless lifting. Ki karanta, ki ɗauke ido daga labarin, ki faɗa da kalmominki. Na uku, cusa abin da ba a nema ba. Duk abin da ya biyo bayan "for example" ko "such as" misali ne, ba ya shiga taƙaitawa, haka ma ra'ayinki. Jimla uku aka ce, ki ba da uku, kowace da batu ɗaya, ki sa musu lamba. Maki 30 ne a wannan sashe, ya fi na auna fahimta, kuma ina baƙin cikin yadda ake barinsa sai lokaci ya kusa ƙarewa.

TAMBAYA: Figures of speech suna da yawa. Waɗanne zan fi mayar da hankali a kansu?
Ɗalibi daga Birnin Kebbi

AMSA: Ɗana, ka riga ka san su a adon harshe na Hausa, sunan Turancin ne ya rage maka. Simile ita ce kamantawa, da "like" ko "as", kamar ka ce jarumi ne kamar zaki. Metaphor siffantawa ce, ka ce shi zaki ne kai tsaye. Personification mutuntarwa, ba wa abin da ba mutum ba halin mutum, kamar yunwa ta kore shi daga gari. Hyperbole kambamawa, irony gatse. Euphemism sakaya magana mai nauyi, yadda muke cewa ya riga mu gidan gaskiya, su kuma su ce "passed away". Rhetorical question tambaya ce da ba a jiran amsarta. Waɗannan bakwai ka fara da su. Sau da yawa akan biyo da "What does it mean?", to a nan ka faɗi ma'anar da Turanci mai sauƙi, kada ka amsa adon magana da wani adon maganar. Ka kuma koyi rubuta sunayen daidai, musamman simile: akwai "i" tsakanin "s" da "m", in ka manta da ita ka rubuta wata kalma dabam, amsar ta tashi.