Ga ɗan'uwan da ke son ajiye aikin banki ya shiga harkar hatsi

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na samu zama, don ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce shekararka tara kana aikin banki, kana fita yara ba su tashi ba, ka dawo sun yi barci, taget ɗin kuɗin da aka ɗora maka ka nemo wa banki ya hana ka sakat, ga 'yan kuɗi ka tara kana tunanin ajiye aikin ka shiga saye da sayar da hatsi. Na ga wasu sun ce maka ka bari kawai, arziki na Allah ne. Wasu kuma sun ce wa ke barin aiki a wannan marra. Ni hanyar da kake hange na bi ta da ƙafata, don haka bari in faɗa maka abin da na tarar.

Na yi aiki a wani banki a nan Kano daga 2010 zuwa ƙarshen 2019, yawanci a ɓangaren nemo kwastomomi. Ka san yanayin, ba sai na faɗa maka ba: taron safiyar Litinin inda ake karanto sunan kowa da abin da ya kawo, da kiran manaja bayan isha'i. Abin da ya karya min zuciya bai ma faru a ofis ba. Wata Asabar ce na je ɗauko 'yata daga Islamiyya, malamin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai ne wa?" Na ce mahaifinta. Ya ce in yi haƙuri, bai taɓa ganina ba, sai ya kira mahaifiyarta a waya tukuna. Yarinyar tana tsaye riƙe da jakarta tana kallonmu. Shekararta biyu a makarantar. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, amma a mota na kasa ce mata komai har muka isa gida. Wata biyu bayan nan na miƙa takardar ajiye aiki.

To ga kuskuren da na yi, kuma ina jin ƙamshinsa a rubutunka. Abu biyu ne na haɗa na mai da su ɗaya. Na farko, na gaji kuma ina kewar iyalina. Na biyu, ina sha'awar kasuwanci. Na ɗauka idan na yi na biyun, na farkon zai warware da kansa. Bai warware ba. A shekara biyun farko kasuwa ta ci lokacina fiye da yadda banki ya taɓa ci. Mai harkar hatsi da ƙaramin jari ba a rumfa yake zaune ba, bin kasuwannin ƙauye yake yi lokacin kaka, yau yana Giwa, jibi Dandume, wani makon Saminaka wajen masara. Na taɓa kwana uku a wata kasuwar ƙauye a kan buhunan dawa ina jiran mota, don direban da muka yi ciniki da shi ya samu wanda ya fi ni biya ya tafi abinsa. Da na dawo gida buɗu-buɗu da ƙura, uwargida ta ajiye min ruwan wanka ta ce, "Da ai ko ba komai kana kwana a gida." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ma ta fi shiga ta.

Saboda haka kafin komai ka zauna ka tambayi kanka: aikin ne ba ka so, ko wurin aikin, ko kujerar da aka ɗora ka a kai? Ina da abokin da muka fara tare, shi bai bar banki ba, ya nemi a mai da shi ɓangaren da ba ruwansa da taget, albashinsa bai ƙaru da sauri ba amma magariba a unguwarsu yake yi. Wani kuma abin da ke cin ransa batun kuɗin ruwa ne, sai ya koma bankin da ba ya mu'amala da shi, tunda yanzu akwai su, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019. Waɗannan duk sauyi ne, kuma ba su kai tsadar wanda kake shirin yi ba. Idan gajiya ce zalla, ka fara karɓar hutunka na shekara cikakke, ka kashe waya, ka ga ko bayan mako biyu har yanzu zuciyarka na wajen hatsi. Mutum a gajiye ko tallan gyaɗa ya gani sai ya ji ya fi aikinsa daɗi.

Idan kuwa ka auna ka ga da gaske kasuwar kake so, to hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni na shiga kasuwar hatsi ta Dawanau da girman kai na wanda ya saba duba takardun 'yan kasuwa yana yanke musu hukuncin ko sun cancanci bashi. Na iya lissafi, na iya kwamfuta, na ɗauka shi ke nan. Ashe ban san yadda ake zura hannu cikin buhu a gane masarar da ba ta gama bushewa ba. Ban san ana zuba mai kyau a sama a ɓoye tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasa ba. Ban san kwanon wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, har buhun ma ba girma ɗaya ba. Sayen waken da na fara yi, buhu arba'in, na jibge a sito cikin buhu na gama-gari ina jiran bazara farashi ya tashi. Da na buɗe bayan wata uku, ƙwari sun mai da kusan rabinsa gari, kana ɗaga buhu kana jin yana ƙara kamar ana yayyafi. Wani dattijo maƙwabcin rumfata ya leƙo ya ce, "Ɗan boko, ba ka tambaya ne?" Shi ya nuna min buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaure kowace leda daban iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Abin da yaron shagonsa ɗan shekara sha biyar ya sani, ni sai da na biya kuɗin makarantarsa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na jarina.

Daga nan na sauke kai na zama yaron wannan dattijo, duk da furfurar da ta fara fito min. Da zan koma baya, wannan zaman zan fara yi tun ina karɓar albashi. Kai kana da damar da na zubar. Kana da Asabar, kana da hutun shekara. Ka nemi ubangida mai amana a kasuwar, ka riƙa zuwa kana zama, kana kallon yadda ake awo, yadda ake biyan dillali la'adarsa, nawa 'yan dako ke karɓa, nawa ake kashewa a hanya kafin kaya su iso. Ka sa kuɗi kaɗan, wanda idan ya narke ba zai hana ka barci ba, ka bi shi tun daga kaka har zuwa lokacin sayarwa. Zagaye ɗaya cikakke, wato shekara guda. Sai dai ka duba takardar ɗaukarka aiki tukuna, don wasu wuraren suna da sharaɗi kan yin wata sana'a a gefe. Ma'aikatan gwamnati kuma su tuna tsarin mulki ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka ware.

Sai maganar kuɗi, wadda na ga ka wuce ta da jimla ɗaya. Ka ce ka tara 'yan kuɗi. Kuɗin nan jari ne ko na cefane? Domin ranar da alat ya daina shigowa, tukunya ba ta sani ba. Ni daga uwar kuɗin na riƙa ɗiban kuɗin makaranta da na haya, ina ce wa kaina zan mayar idan na sayar. Haka jari ke mutuwa, ba a jin faɗuwarsa. Ka raba su gida biyu tun yanzu: abin da zai riƙe gidanka aƙalla shekara guda ba tare da ka taɓa kasuwa ba, sannan jari daban. Idan abin da ka tara bai isa a raba shi haka ba, to lokacin bai yi ba. Ka kuma lissafa abubuwan da aiki ke yi maka a ɓoye. Katin asibiti na inshora yana tsayawa ne da aikin, ban san darajarsa ba sai da aka yi wa uwargida tiyata wajen haihuwa na biya daga aljihuna. Fansho ma haka, kashi 8 da ake cira daga albashinka da kashi 10 da wurin aiki ke zubawa duk za su tsaya. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar karɓar kashi 25 na abin da ke asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Na karɓa, ya taimaka, amma kada ka sa shi a lissafin jari, guzurin tsufanka ne kake ci tun da rana.

Kuma ka sa a ranka cewa akwai abin da ba ya cikin lissafin kowa. Wata shida da barina aiki aka rufe Kano saboda korona, a watan Afrilun 2020. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, manomi a ƙauye ya ce shi bai san tiransifa ba, kuɗi a hannu ko ya koma da kayansa. Ni da na shekara tara ina ƙirga kuɗin mutane, sai ga ni a layin mai POS ina sayen naira da naira. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka. Gaskiya a tsakanin 2023 da 2024 masu ajiye hatsi sun samu alheri, har da ni, don farashi hawa kawai yake yi. Irin labarin da ke jawo mutane irinka ke nan. Amma bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji na kwana 150 a 2024, ga kuma sabon amfani ya shigo, farashi ya yi ƙasa a 2025, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Na san waɗanda har yau ba su miƙe ba, mafi yawansu da kuɗin mutane suka yi. Ni abin da ya cece ni ban ci bashi ba, kuma dattijon nan ya koya min kada in zuba komai a kaya iri ɗaya.

Za ka ce to na yi nadama? A'a, alhamdulillahi. Yau ni nake kai yara makaranta, malaman Islamiyya har tsokanata suke yi. Amma ba barin banki ne ya ba ni wannan ba, don na faɗa maka shekara biyu na yi ina yawo kamar ba ni da gida. Sai da na yanka wa kaina doka. Na daina bin kasuwanni masu nisa da kaina, na samu amintattu biyu da ke saya min ina ba su la'ada, ribar ta ragu na haƙura. Daga magariba zuwa isha'i wayata tana cikin aljihun riga a rataye. Ranar Juma'a idan na sauko daga masallaci ba na komawa rumfa. Na sha rasa ciniki saboda haka, wani har ya ce min ba a kasuwa da agogon ma'aikata. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, rabin wannan dokar da na iya kafa ta tun ina banki. Ba kowane dare ne aiki ke riƙe ni ba, wani lokacin zaman majalisa ne bayan an tashi, ina ce wa kaina ina huce gajiya. Ka duba naka makon da gaskiya, za ka iya samun awa uku ko huɗu da ba manaja ne ya cinye su ba.

Ban ga ka ambaci maiɗakinka ba. Ni sai da na miƙa takarda sannan na gaya wa tawa, kuma wannan rashin adalci ne, don ita ce ta riƙa dabarar yadda kwanon shinkafa zai kai ƙarshen mako. Ka zaunar da ita ka buɗe mata lissafin duka, har da mafi munin abin da zai iya faruwa. Idan iyaye na raye kuma suna cikin waɗanda albashin nan ke ɗauka, su ma suna da haƙƙin ji daga bakinka. Ka yi istihara, amma ka haɗa da shawarar wanda ya taɓa faɗuwa a harkar, don wanda bai taɓa asara ba labarin riba kawai zai ba ka.

In da ƙanena ne kai, ce maka zan yi kada ka ajiye aikin bana. Komawa ba ta da sauƙi, ka san yadda ake sa iyakar shekaru a tallan ɗaukar aiki. Ka ba kanka kaka ɗaya ta gwaji, ka nemi sauyin ɓangare a ofis, ka tara kuɗin gida na shekara. Idan ka yi duk wannan zuciyarka ba ta sauya ba, ka rubuta takardarka cikin mutunci, ka ba su wa'adin da yarjejeniyarku ta ce, ka rabu da kowa lafiya, don tsofaffin kwastomomina na banki su ne suka fara sayen kaya a hannuna.

Idan a Kano kake, yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗu a Dawanau wata Asabar da safe, in kai ka wajen dattijon nan ka gaishe shi. Ka sa kayan da ba ka jin tsoron su yi ƙura, kuma kada ka zo da kuɗin sayen komai.