Anti, Abba baya buɗe baki ya ci abinci sai da waya a gabansa

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya saka da alheri. Dan Allah ki ɓoye sunana saboda ƴan gidanmu suna karanta shafin nan.

Shekarata 27, a Kano muke, yarana biyu, babban namiji ne shekararsa uku da wata huɗu, ƙaramar watanta biyar. Gidan su maigidana muke zaune, mu a sashen baya, Hajiya mahaifiyarsa a na gaba. Damuwata akan babban ce, sunan marigayi baban maigidan aka sa masa shi yasa muke ce masa Abba.

Wallahi Anti ni na jawo wa kaina ba zan ɓoye miki ba. Lokacin ina laulayin ƙanwarsa ko ƙamshin girki bana iya shaƙa, wuni nake ina amai, sai in kunna masa katun a YouTube in jingina wayar jikin filas ɗin shayi in ringa tura masa abinci yana kallo, ya cinye tas bai ma san ya ci ba, a lokacin gani nake na samo dabara har ƙawayena nake koya wa. To yanzu abin ya zame min ƙarfen ƙafa. In caji ya ƙare ko data ta ƙare ko loma ɗaya ba zai karɓa ba, sai ya zube ƙasa yana birgima yana ihu kamar ana yanka shi har maƙota su leƙo.

Ranar Juma'ar da ta wuce kwana biyu ba wuta, wayata a mace, na yi tuwon shinkafa miyar taushe na zuba masa, yaron nan ya sa ƙafa ya bankaɗe kwanon akan kafet, ga jaririya tana tsala kuka a bayana, bansan sanda na jawo wayar caja na zabga masa ba har sau uku, sai da ta kwanta a cinyarsa. Ya ruga wajen Hajiya, ta haɗa masa shayi da biskit, ta aiko a gaya min kar in ƙara taɓa mata miji. Washegari kuma ita ce ta ce tunda baya cin abinci a yi masa ɗura da kunu, wai haka ta raini ƴaƴanta tara. Aka matse shi aka toshe hanci aka ɗura, ya ƙware ya ringa tari idonsa ya yi jawur, ni dai daki na shige na yi kukana dan ba damar magana, ɗan fari ne, in na nuna damuwa a ce bani da kunya.

Baban kuma sai bayan isha'i yake dawowa daga kasuwa a gajiye, da ya ji kuka sai ya ce haba ki ba shi wayar mana mu huta, ko ya miƙa masa tasa. Sai sha biyun dare yaron yake bacci. Ga shi tun da na haihu ya dawo fitsari a wando bayan da ya daina, yana mintsinin ƙanwarsa in na juya baya, yana cewa shi ma in goya shi. Maganarsa ma ni bata min ba, waƙoƙin katun ya haddace su da Turanci amma Hausar sai guntu guntu, ɗan maƙociyarmu sa'ansa har labari yake bayarwa.

Anti na gaji, dukan ma bana so, duk sanda na ga shatar nan sai in ji na tsani kaina. Ya zan yi in raba shi da wayar nan ba tare da ya zauna da yunwa ba, kuma ba tare da na ɓata da Hajiya ba?

Maman Abba, Kano

Wa alaikumus salam Maman Abba, sannu da ƙoƙari, sannu da jego kuma ko da ya yi nisa. Mace mai laulayi da ta jingina wa ɗanta waya dan ta samu ya ci abinci ba muguwar uwa ba ce, rabin masu karanta mu sun yi, wasu ma yanzu haka da wayar a gaban yaron suke karantawa da ta miji. Ki daina tsanar kanki, amma wayar caja kam ki rabu da ita, zan dawo kanta.

Da ɗura zan fara dan ita ta fi tayar min da hankali. Kar a sake, ko da kuwa za a ce baki da kunya. In aka toshe wa yaro hanci dole ya buɗe baki neman iska, a daidai lokacin ake kwarara kunun, to maimakon ya bi hanyar ciki sai ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu. Ƙwarewar da kika gani kenan. Yana iya zama ciwon huhu bayan kwana ɗaya ko biyu, yana iya shaƙe yaro nan take. In kin ga tarin bai tsaya ba, ko zazzaɓi, ko numfashi da sauri haƙarƙari yana lomawa ciki, ki ɗauke shi sai asibiti ba sai an jira Baban ya dawo ba. Kuma ko an tsira daga wannan, yaron da aka danne aka ɗura wa abinci ƙara tsanar kwanon yake.

Sai batun yunwar da kike tsoro. Abba baya jin yunwa ne shi yasa yake da ƙarfin yajin cin abinci. Ki lissafa abin da yake shiga cikinsa a sashen Hajiya daga safe zuwa dare, shayi mai sikari, biskit, alewa, lemon kwali, cikin ɗan shekara uku ɗan mitsitsi ne, waɗannan sun isa su toshe shi. Shayin ma yana rage wa jiki zuƙar sinadarin da ke ƙara jini daga abinci, ba abin yawaita wa yaro ba ne. Sannan bayan shekara biyu girman yaro yana lafawa, abin da yake ƙarawa a shekara bai wuce wajen kilo 2 ba, dan haka cinsa yake raguwa, mu kuma iyaye sai mu ɗaga hankali muna auna shi da yadda yake ci yana ɗan wata goma.

Ga yadda za ki yi. Abinci sau uku, ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, ayaba ko gwanda ko dafaffen ƙwai ko ƙosai, bayan wannan sai ruwa kawai. Ki shimfiɗa tabarma, ba kafet ba, ki zuba masa kaɗan, loma huɗu biyar, tulin abinci tsorata yaro yake. Ki zauna ki ci naki a gabansa, ki bar shi ya ci da hannunsa ya ɓata jiki ya ɓata wuri. Wayar kuma kar ma ya ganta, ki kashe ki sa a can saman sif, taki da ta kowa. Ki gaya masa sau ɗaya cikin sanyin murya, Abba ba waya lokacin abinci. Zai zube, zai yi birgima, kwanakin farko ma sai ya fi na da ihu dan yana gwada ko dokar ta gaske ce. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo ki ci gaba da cin abincinki, ba faɗa ba lallashi da alkawari. In an yi kamar minti ashirin zuwa talatin bai ci ba ki ɗauke kwanon ba tare da gori ba, sai lokaci na gaba. Lafiyayyen yaro in ya tsallake cin rana zai rama da dare. Abin da zai rusa miki aiki shi ne ki daure kwana biyu ranar na uku ki miƙa wayar, kin koya masa kenan cewa in ya ƙara tsawon kukan zai samu.

Ban ce a hana shi katun kwata-kwata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kar ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo, in ya gaza haka ma ya fi, jaririn da bai kai shekara ba kuwa sam, to ki lura da ƙanwar kar ta gaji abin. Ki tsayar masa lokaci ɗaya, misali bayan la'asar, ki zauna tare da shi kina tambayarsa me wancan yake yi. Daga magariba an rufe. Sa'anninsa bacci awa 10 zuwa 13 suke buƙata har da na rana, yaron da yake kaiwa sha biyun dare dole ya wuni da rigima, rabin birgimar nan gajiya ce. Wanka, abinci, addu'ar bacci, a rage haske, ƙarfe takwas zuwa tara ya kwanta.

Amma fa in muka tsaya kan waya kaɗai mun bar jaki muna dukan taiki. Fitsarin wando, mintsini, a goya ni, duk magana ɗaya yaron nan yake miki, an ƙwace masa bayan uwarsa an ba wata baƙuwa. Ki goya shi mana! Minti biyar in jaririya ta yi bacci, me zai ragu a jikinki? Ki ware masa ɗan lokaci kullum nasa shi kaɗai, ko kina tsince shinkafa ki ba shi nasa ɗan faranti, ki aike shi ya miƙo miki zanin goyo ki ce yauwa yayan beebi, sannu da aiki. In ya yi fitsari ki canja masa kawai ba tsawa ba kunyatawa. In ya mintsine ta ki riƙe hannun ki kalli idonsa ki ce ba a yi, ki ɗauke ta, kuma kar ki bar su su biyu a ɗaki. Alkunyar ɗan fari a tsakar gida ake yinta gaban mutane, in kin shiga ɗaki kin saki labule ki rungume abinki. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, da wani ya ce shi ƴaƴansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ai kin san amsar da ya samu akan rashin jin ƙai. Dukan da kika yi kuwa gajiyarki ce ta fita ta hannunki, duk sanda kika ji ta taso ki fita tsakar gida ki sha ruwa ki wanke fuska kafin ki dawo.

Hajiya kuma ba ke za ki tunkare ta ba, aikin ɗanta ne. Ki samu Baban Abba ranar da ya huta ya ci ya ƙoshi, ba yana shigowa ba, ki nuna masa shatar cinyar, ki gaya masa yadda yaron ya ƙware, ki ce mako ɗaya kike roƙo kar ya miƙa waya ko kukan zai fasa kwano. Shi zai je ya ce wa Hajiya an hana ɗura da yawan zaƙi. In da hali ma ku tafi awo tare da ita ta ji daga bakin ma'aikaciyar asibiti, tsofaffinmu sun fi karɓar magana daga mai farar riga akan daga suruka. Kuma kar ku ce ta daina ba mijinta komai, ba za ta iya ba, kaka ce. Ki ringa kai mata ayaba ko dafaffen ƙwai ki ce Hajiya ga na angonki, a hannunki ya fi ci. Ki roƙe ta ta ringa masa tatsuniya bayan magariba, Gizo da Ƙoƙi da waƙoƙin da ta yi wa su Babansa, macen da ta raini tara bata rasa su ba, ita ta samu matsayinta, shi kuma ya samu Hausar da katun ba zai ba shi ba, dan yaro a bakin mai amsa masa yake koyon magana.

A wajen awon ki ce a ɗora shi a sikeli a auna dantsensa da igiyar nan mai kore da rawaya da ja, a duba ko lokacin maganin tsutsar ciki da bitamin A ya yi. Ki faɗa musu batun maganar ma. Ɗan shekara uku ya kamata yana haɗa kalma uku zuwa sama, baƙo ya gane yawancin abin da yake cewa. In Abba bai kai nan ba, ko kina kiransa daga baya baya juyowa, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, ki nemi a gwada jinsa, kar ki yarda da cewa ai Babansa ma bai yi magana da wuri ba.

Ki fara ranar da Baban yake gida dan ya ji kukan da kunnensa, ki kuma sanar da maƙota tun da wuri kar su zaci yanka shi ake. Bayan sati biyu ki sake rubuto min, ina son jin me Hajiya ta ce.

Anti