Kun Tambaya: Kalmomin Turanci masu fita da murya ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a firamare. Yara sun tambaye ni dalilin da flour da flower suke fita da murya ɗaya, haka knight da night. Kuma a wasu harsunan ma haka abin yake? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Dalilin na farkon daban, na biyun daban, kuma ya kamata yaran su san hakan.

Flour da flower asalinsu kalma ɗaya ce. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushenta kuwa flos na Latin, wato fure. A da idan aka niƙa alkama aka tankaɗe, lallausan da ya ratsa rariya shi ake kira furen gari, wato mafi kyawunsa, tsaki da dusa su tsaya a sama. Da tafiya ta yi nisa sai aka yar da "gari", kalmar fure kaɗai ta ɗauki ma'anar. Rubutun ma bai rabu da wuri ba, domin ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 flower ya rubuta wa duka biyun. Mu ma da muka aro, haka muka aro su a haɗe: fulawar burodi da fulawar ado. Jamusawa ba su da wannan ruɗani. Gari Mehl ne, ɗan'uwan mahlen, wato niƙa, fure kuma Blume. A harshen Tai na ƙasar Tailan gari paeng ne, fure dok mai.

Knight da night kuwa ba su haɗa komai ba, karo suka yi a hanya. Night daga niht take, wadda Jamusawa ke cewa Nacht. Knight daga cniht, kuma a tsohon Turanci yaro ko bara take nufi, kafin darajarta ta hau ta koma barden sarki. A lokacin ana furta k ɗin farko, ana kuma furta gh daga maƙogwaro. Wajen ƙarni na 17 k ya faɗi daga bakin mutane, amma ya zauna a rubuce. Idan kina son yara su ji yadda take a da, ki furta musu Knecht na Jamusanci da k ɗinsa a fili. Har yau bara ko ɗan ƙodagon gona take nufi a can, barde kuma Ritter suke ce masa, wato mahayi. Abin sha'awa, mutanen Tailan ma ta wajen doki suka sa masa suna: atsawin, daga kalma mai nufin doki a Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Dare a wurinsu klang khuen ne.

A aji, shifta da kalma tilo ba adalci ba ne ga yaro, tunda kunne ba zai raba su ba. Ki sa kowace cikin jimla, ki haɗa knight da knee, knife da know, su riƙe su a matsayin gida ɗaya.

Tambaya: Kullum ina rikita desert da dessert. Yaya zan bambance? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kula da inda nauyin murya yake sauka. Desert mai nufin hamada a gaɓar farko yake, dessert a ta biyu. Hamadar daga desertus na Latin ta fito, wurin da aka ƙaurace wa. Dessert daga desservir na Faransanci, kwashe kwanuka, saboda bayan an kwashe su ake kawo kayan zaƙi. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne aikatau ɗin desert, kamar soja ya gudu daga bakin aiki: s ɗaya ake rubutawa, amma furucinsa daidai yake da na dessert. Jamusawa na ce wa hamada Wüste, kayan zaƙin Nachtisch, wato bayan tebur. 'Yan Tailan na cewa thale sai, tekun yashi, da khong wan, abu mai zaƙi.