Na ajiye jitar bes wata biyu, hannuna ya ƙi: in sayi sabuwa?

Tambaya: Malam, ina kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Kaduna. Jarrabawa ta sa na ajiye ta kusan wata biyu. Da na dawo sai yatsuna suke zafi, hannun hagu ya yi nauyi, kuma mai ganga yana barina a baya. Abokina ya ce jitar ce ta gaji, in sayar in ciko in sayi mai tsirkiya biyar. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Wata biyu bai isa ya goge abin da hannu ya daɗe yana koyo ba. Abin da ya tafi shi ne kantar da ke kan yatsu, da juriyar hannu, da kuma zaman kunne a kan bugu. Babu ɗaya a cikinsu da ake sayarwa a shago.

Fara da yatsun. Tsirkiyar bes tana da kauri, kuma irin wadda aka fi samu, mai nadi kaushi-kaushi, tana cin fata. In ka zauna awa uku rana guda don ka rama abin da ya wuce, bororo za ka yi, ka sake ajiye jitar mako guda. Ka yi minti 15 ko 20 da safe, ka ƙara wani da yamma. Da ka ji kan yatsa ya fara raɗaɗi ya yi ja, ka tsaya. Zafin fata ba abin tsoro ba ne, amma in ciwon a wuyan hannu yake, ko kana jin yatsu suna mutuwa, to ka huta, in ya ƙi tafiya ka ga likita.

Nauyin hannun hagu kuwa, yawanci matsewa ce ta yi yawa. Wanda ya dawo daga hutu yakan damƙe wuyan jitar da ƙarfi don bai yarda da kansa ba. Ga gwajin da nake so ka yi: ɗora yatsa dab da bayan ƙarfen da ke gicciye a wuyan, kada ka danna, ka kaɗa. Za ka ji sauti a toshe. Ka riƙa ƙara dannawa kaɗan-kaɗan har sautin ya fito tas ba zizara. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsa.

Maganar mai ganga ita ta fi damuna, domin aikin mai bes ke nan: shi ne ke ɗaure ganga da sauran kiɗa. Sauke manhajar metronom, mai ba da bugu a daidai lokaci, a wayarka, kyauta ake samu, ka sa ta a bugu 60 a minti. Ka kaɗa sauti ɗaya a kowane bugu, kana musanya manuniya da yatsar tsakiya. Yi haka a kan tsirkiyoyin huɗu, E, A, D da G, kana kashe ƙarar waɗanda ba ka taɓa ba, don wannan kashewar ce ke fara zamewa bayan hutu. Ka ɗauki kanka da waya ka saurara. Kunne yakan yi wa mutum sassauci lokacin da yake kaɗawa, amma faifan zai nuna maka inda kake gaggawa. Bayan haka ka koma kan waƙa biyu da ka sani sarai, ka bar sababbi sai hannu ya zauna.

Sai dai abokinka yana iya samun gaskiya ta wani gefen. Katako yana motsi da yanayi: hunturu na busar da shi, damina na kumbura shi. Jitar da aka jingine a ɗaki wata biyu wuyanta na iya lanƙwasa, tsirkiya ta yi nisa da katako, dannawa ta yi wuya. Danna tsirkiyar E a ƙarfen farko da kuma wajen da wuya ya haɗu da jiki, ka duba tsakiya. Ratar da ke nan kada ta wuce kaurin katin caji sosai. In ta yi yawa, kai wa mai gyara ya daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan. Kuɗin wannan bai kai kusa da na sabuwar jita ba.

Mai tsirkiya biyar tana da amfani, musamman a kiɗan coci inda ake yawan bukatar sautin da ya fi E zurfi. Amma wuyanta ya fi faɗi, ga ƙarin tsirkiyar B da za ka riƙa kashe ƙararta. Jira wata guda. In hannunka ya dawo kuma har yanzu waƙoƙinku na neman wannan zurfin, sai mu yi maganar saye.

Tambaya: Ni makaɗin biki ne a Maraɗi. Bayan azumi na ɗauko bes ɗina na tarar da sautinta ya dushe, wani lokacin ma tana ƙarar tsatsa. Tsirkiya zan canja?

Amsa: Ɗan'uwa, duba batir da farko. In jitarka mai batir ce, irin ɗan murabba'in nan mai volt 9, kuma ka bar wayar amfilifaya a soke a jikinta, to tana shan batir ko ba a kaɗa ta. In ba shi ba ne, duba tsirkiya: gumin da ya bushe a cikin nadin yana kashe sauti. In ta yi tsatsa, canja ta. Ga mai dawowa daga hutu, saitin tsirkiya mai lambar kauri 40 zuwa 100 ya fi na 45 zuwa 105 sauƙin dannawa. Akwai kuma mai sumul, wadda ba ta cin yatsa kuma tana daɗewa. Ita James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙoƙi na Motown a Amurka, ya yi amfani da ita, kuma ba ya yawan canja ta. Sautinta ya fi taushi, don haka in salonka na bugun babban yatsa ne mai kaifi, ba za ta gamsar da kai ba.

Tambaya: Ɗana yana so ya koma atisayen bes, amma da dare kawai yake da lokaci, ga maƙwabta ga rashin wuta. In saya masa amfilifaya?

Amsa: Hajiya, a'a, ba yanzu ba. Akwai ɗan ƙaramin amfilifaya mai batir da ake soke wa a jikin jitar a haɗa da abin sauraro na kunne, irin Vox amPlug, ki tabbatar na bes ne. Kada ya saba kaɗawa ba tare da jona ta ba, domin rashin jin kansa zai sa ya riƙa finciko tsirkiya da ƙarfi. Ki kuma ja masa kunne kada ya ƙure ƙarar, saboda lafiyar jinsa.